Harafi Mai Igiyar Ruwa

Ƙarfe bakwai, Valparaíso ba ta gama farkawa ba,
tsuntsayen teku na rigima a kan kwanon ofis.
Kwale-kwalen Baldomero na kan tudu, ciki a buɗe,
yana jiran zanen haƙarƙarinsa.
Zanen na cikin folda,
foldar na cikin tsohuwar kwamfutar lungu,
mai tari irin na mai ita kafin ya yi ritaya.

Tawa Linux take ji, waccan Windows.
Waya ɗaya ta haɗa su, gaisuwa ta gagara.

Na kira ta da suna, ta yi kunnen uwar shegu.
Na kira ta da lamba, ɗigo bayan ɗigo,
sai ga ƙofa ta bayyana,
a garƙame.
An hana shiga, in ji allo,
ko sannu babu.

Na zargi waya, na zare, na busa, na mayar.
Na zargi katangar tsaro, na sauke ta minti biyar
gabana yana faɗuwa.
Na ce ko tsohuwa da tsohon yare take magana,
na lallashi tawa ta rage sauri, ta yi irin na da.
Na duba agogonsu, ko ɗaya ta makale a bara.
Duk daidai.
Kofi ya huce sau biyu.

Baldomero ya leƙo, hannu duk kwalta:
Fresia, ruwa ba ya jiran takarda.
Na ce na ji.

Sha ɗaya saura, na buga wa Eleuterio waya.
Yana can saman dutse yana ba tumatirinsa ruwa.
Kalmar sirrin? Ya yi dariya har da tari.
Ai tana manne a ƙarƙashin tebur, yarinya,
sunan karyata ce, wadda ta mutu shekarar da aka sake rufi.
Na ce na gani, sau goma na rubuta.
Ya ce rubuta a fili, inda idonki zai gani.

Na buɗe farin shafi, na buga: Ñata.
Abin da ya fito ba Ñata ba ne.
Inda harafin nan yake, mai ƴar igiyar ruwa a ka,
ɗigo biyu ne tsaye, ɗaya bisa ɗaya.
Madannan tawa na wata ƙasa ne,
tun da na saye ta hannu na biyu ban sauya ba,
taurari kuma sun rufa wa kuskuren asiri.

Na sauya. Na sake kiran karyar da sunanta.

Ƙofa ta buɗe ba ko ƙara.
Zane ɗari huɗu, rasidai,
da wani hoto da ba wanda ya nema:
baƙar karya a bakin jirgi, kunne ɗaya a karye.

Eleuterio na kan layi har yanzu.
Ta shigo? ya ce.
Ban san wa yake nufi ba.
Na ce ta shigo.