Zagaye na Shida, a Hull

Wata uku ina kwana da Sisiliya.
Ba mace ba ce, buɗin wasa ce.
Taku ashirin da biyu, reshe bisa reshe,
na haddace su a bayan kantar magani
tsakanin mai tari da mai ciwon baya.

Ran Alhamis, gasar ƙasa, aka haɗa ni da Ivor Pennock.
Na ɗaga kai ina neman ƙato,
sai ga ɗan shekara goma sha ɗaya,
an sa masa matashi don ya kai tebur,
ayaba a gefe, igiyar takalmi a kwance.

Mutum ɗari biyu, ba mai motsi,
sai agogo, ƙyas, ƙyas,
da ruwan sama yana dukan gilashi.
Ni ne baƙi. Na jira dakaren gaban sarki.
Yaron ya kai hannu can gefe,
ya tura na gaban doki, taku ɗaya tak.

Shi ke nan.
Wata ukuna ya bi rariya.

A Malumfashi, gindin ɗorawa,
kawu Ɗan'azumi kan tona gurbin dara da yatsa,
ya ce, duba ƙasa, ɗana, bar abin da ke kanka.
Shekara arba'in, sai yau na ji shi.

Na duba ƙasa. Na yi ta maza.
Na ci dakare, na ji daɗi,
ashe ƙugiya ce a cikin tana.
Bishof ɗinsa na laɓe a lungu tun farko,
ya miƙe hanya doguwa kamar titin jirgi,
hasumiyata ta tafi ba sallama.
Awa huɗu. Shayina ya yi sanyi.
Na kwantar da sarkina a hankali,
kamar yadda ake kwantar da majiyyaci.

Hannunsa ɗan mitsitsi, yana danƙon ayaba.
Ya yi raɗa: a taku na goma sha tara,
da ka ja doki baya, da na mutu.
Ya jera su ya nuna mini.
Gaskiya ne.

Uwarsa ta zo ta ɗaure masa takalmi.

A bas, kogin Humber na wucewa cikin duhu,
na buɗe ɗan allon aljihu a kan gwiwa,
na ja dokin baya.
Na sake ja.
Gobe ƙarfe biyu da rabi, akwai na bakwai.