Lissafin Bango

Sun ba ni lasifika da riga mai tambari
da takarda guda, suka ce: Mutari, haddace.
Na haddace. Na bi lungunan Garin Malam
ina cewa a wanke hannu,
da sabulu, safe da rana da maraice.

A fanfon Inna Cima jarka saba'in ce a layi,
rawaya duka, kowace da tsumma a wuya, shaidar mai ita.
Kwana sha ɗaya fanfon na tari, ya ƙi tofi.
Ta dube ni, ba ta ko ɗaga murya ba:
"Ɗan Barira, ga sabulu.
Ruwan, a cikin abin maganarka ka zo da shi?"
Mata suka tuntsire. Na kashe lasifika.

Kuma ba ƙarya na faɗa ba.
Cutar ta ratsa ta bayan gidanmu,
ta ɗauke Kanta tela ranar Laraba,
numfashi ya ƙi shi, kekensa na nan da zare a allura.
Sai dai gaskiya, in ta fito bakin da ya sha cin alkawari,
ko kyauta ce sai an ƙwanƙwasa ta
kamar tukunya a kasuwar Dole.

Da dare manyan motocin mai na gangarowa ta hanyar Tanut,
cikinsu fal, ƙasa na rawa.
Ɗana ya ƙirga tara, ya ce:
"Baba, ƙasar da ta ba da mai, ita ce ta hana ruwa?"
Na ce ya kwanta.

Akwai bokitin wanke hannu a ƙofar ofis, sabo, da murfi.
Ranar da baƙi za su zo ake cika shi.
Ni na ciko, wurin mai garuwa, da kuɗin aljihuna.
Ƙarshen wata na sa hannu a kan kwana goma,
aka ƙirgo mini na shida.
Na sa hannun dai,
hannun nan da nake wankewa.

Da allura ta iso, kwana uku muna gadin benci.
Mutum tara, biyu cikinsu hanya suka ɓata.

To, bangon Inna Cima allo ne.
Kowace jarka zane ɗaya da gawayi,
biyar a ɗaure su da na kwance.
Juma'a bayan la'asar a buɗe gwangwanin madara a gaban kowa:
ga na roba, ga na kan fanfo, ga na mai gyara,
ga abin da ya rage.
Shekara ashirin da biyu dala ba ta yi ƙafa ba.

Rana ta huɗu sai ga ta, da sandarta.
Ta zauna gaban Habsu malamar asibiti:
"Wa ya biya? Me zan ji a jikina? Shekara nawa take tsaro?"
Habsu ta ce, "Zazzaɓi na iya zuwa, kwana ɗaya ko biyu.
Na ƙarshen, Inna, ban sani ba."
Tsohuwa ta naɗe hannun riga.
"Tunda kin iya cewa ban sani ba, soka."

Kafin magariba auduga ta ƙare mana.

Ruwa ya dawo daren sha tara, wajen asalatu,
ja kamar shayi, sannan ya washe.
Ba wanda ya zo ya ce ga dalilin tafiyarsa,
balle na dawowarsa.
Duwatsun Birni suna nan inda suke, sun ji irin wannan da yawa.

Na roƙi Inna gutsuren gawayi, ta ba ni ba tambaya.
Yana aljihun rigar nan mai tambari.
Kullum ina wuce bangon ofis, fari tas, an sha masa farar ƙasa.
Goma zan rubuta, shida a ƙarƙashi, in ja layi.
Jiya har na tsaya.
Mai gadi ya gaishe ni, ya tambayi yara,
na amsa, na wuce.