Jar Riga, Farar Lamba

A shagon Tanimu, bayan Bab Makka,
na ɗora farar lamba a jar rigar ƙwallo,
na danne da wuta, na ɗaga, fes.
Da safe ta yi jaja-jaja
kamar haƙorin mai cin goro.

Tanimu ya ce, yadin roba ba auduga ba ne,
rininsa barci yake, zafi ke tashinsa,
in ya farka sai ya haura cikin fari.
Rage wuta, kada ka daɗe,
shimfiɗa baƙin shamaki a ƙarƙashi,
kada ka jibge su da ɗumi.

Yanzu ɗaya nake bugawa,
in rataye ta kwana biyu a iskar Jidda,
ina leƙa ta tsakanin salloli.
Ashirin ɗin farko kuwa, daga albashina.