Littafin Tatsa

Kafin ladanin Madina ya gyara murya
na riga na ɗaura zane, na ɗumama ruwa.
Shanu huɗu gare ni a bayan gida,
inda dā fili ne iyakar ganin ido.
Yanzu katangar wani ta tsaya mana a goshi,
an naɗa mata waya mai ƙaya.

Da Kyalla nake farawa, don ba ta son jira.
In wanke hantsa, in share da tsummanta ita kaɗai,
in tatsi ɗigon farko a baƙin faranti,
in matso da fitila.
Idan ya fito da gudaji,
ko hantsar ta yi zafi a tafin hannuna,
ranar nononta ba zai ga kasuwa ba.
Bara, bayan allurar Dakta Lamptey,
kwana biyar ina tuttule shi a kwata.
Maƙwabciya ta ce, “Tabawa, wa zai sani?”
Na ce yaron da zai sha burkina a Nima,
cikinsa zai sani.

Baba ya bar min su da magana guda:
nono ta baki yake shiga.
Ban gane ba sai da ruwa ya ɗauke,
ciyawa ta tsufa a tsaye ta zama tsintsiya.
Saniya ta ci, ciki ya cika, ƙwarya ba ta cika ba.
Yanzu ciyawar giwa tana kai min ƙugu nake yankanta,
kafin ta fid da kai,
in sassara gajeru, in bar ta ta sha iska.
Ɓawon rogo na matan da ke suyar gari
sai ya kwana uku yana shan rana,
don ɗanyensa da dafi yake tafe.
Dusar masara daga injin Nii Odoi,
in cusa hannu har gwiwa, in sansana.
Ran da na ji warin fumfuna
a ka na mayar masa da buhunsa.
Ya yi ta faɗa da yarensu, na yi da nawa,
washegari ya aiko da mai kyau.

Biyar ne dā.
Wule ta yi ta ramewa tana ci,
ido ya faɗa, kashi ya ƙafe.
Na ba da maganin tsutsa, na ba da kanwa, shiru.
Da mahaucin Tulaku ya farke tumbinta
sai ga ledojin ruwa a dunƙule kamar matashi,
da igiya, da maɗaurin silifa.
Na zauna a ƙasa ina kallon abin da na bar ta ta kiwata.
Tun ranar babu wadda ta ƙara bin bola.
Ni nake kai musu daji a baro.

Asabar ta kaska ce.
Ƙarƙashin wutsiya, cikin kunne, tsakanin kofato,
ina bi da yatsa kamar mai tsince shinkafa,
don inda ta ciza, nan kirci ke shimfiɗa tabarma.
Maraƙin da aka haifa daren Talata
shi ya fara shan dakashi tun bai iya tsayuwa ba.
Wannan ba rabona ba ne, ban taɓa ba.

In na gama sai in ɗauko tsohon littafin lissafin Dije,
wanda ta bari da shafuka a baya.
Kyalla, lita shida.
Baƙa, huɗu da rabi, jiya biyar.
Na ja layi a ƙarƙashi, zan duba bakinta da rana.
Kuɗin dusa, kuɗin ruwa, sidi nawa ya saura.

Mai wagashi tana buga ƙofa.
Gari ya waye a kan Akra,
hannuna yana ƙamshin nono da sabulu.