Allon Bakin Gari

Ni ke da gwangwanin fenti a garin Orvel,
ni ke sauya lamba a allon bakin hanya.
Duk shekara biyar, in ƙidaya ta fito,
sai in ɗau tsani da buroshi, in hau,
in shafe mutanen da ba sa nan.

Kafin gari, ciyawa ce da iska,
da sawun ɓauna, da mutanen Kiri masu bin ta,
waɗanda ba a tambaye su ba
ranar da aka ja igiya aka kafa turaku.
Kamfanin jirgi ya shimfiɗa ƙarfe biyu,
duk mil takwas ya dasa tasha,
yana raɗa suna bi da bi kamar karatun abacada.
Mu muka faɗo a kan harafin O.
Sunan ba na waliyyi ba ne, ba na jarumi ba,
wani akawu ne ya ƙaga shi kafin ya tafi cin abinci.

Kakata Paraska ta sauko daga tarago
da tukunya, da bargo, da irin dankali a cikin safa.
Ta duba gabas, ta duba yamma,
ba ko itace ɗaya da za ta jingina.
Ta ce: Mikola, ina garin?
Ya ce: ke ce.

A alif ɗari tara da ashirin da shida
mun kai ɗari shida da arba'in.
Rumbunan alkama huɗu, dogaye, jajaye,
coci uku da ba sa ga-maciji da juna,
shagon shayin Mah Lun mai ba da bashi har kaka,
maƙerar Torvald, da makaranta mai ƙararrawa.
Jirgin yamma ya yi kuka sau biyu,
karnuka su amsa, yara su yar da cokali.

Sai fari ya zo, baƙon da ya mance hanyar gida,
fara ta ci har ƙotar fartanya.
Yaƙi ya ɗebi samari goma sha tara,
jirgin da ya kai su ya dawo da sha ɗaya.
Sai ga injin noma mai aikin mutum talatin:
wanda ya saye shi ya sayi gonar maƙwabci,
maƙwabci ya sayi tikiti.
Ashe ƙofa ba ruwanta da mai shiga ko mai fita.

Babana ya rubuta ɗari huɗu da biyu.
Ni na fara da ɗari biyu da sittin.
Ranar da suka tumɓuke layin dogo
na ga an loda ƙarafan a tirela,
na ce, to, yau jirgi ya hau mota.
Rumbu na ƙarshe da igiya aka ja shi,
ya durƙusa a hankali,
tattabaru suka kwana uku suna kewaya sararin da ya bari.

Tamanin da bakwai. Na san su duka.
Na san mai shan shayi ba sukari,
na san wadda in fitilarta ba ta kama da magariba ba
sai a je a buga mata ƙofa.
Maƙabarta ta ninka mu sau biyar,
ita ba ta neman allo.

Bara, ana tsakiyar ƙanƙara,
mota ta tsaya a tsohon shagon Mah Lun.
Rodel Macaraeg da Luzviminda, daga Filifin,
da 'ya'ya biyu, da tukunyar shinkafa.
Matar ta fito, ta duba gabas, ta duba yamma.
Ban ji abin da ta ce da mijinta ba.

Ƙidaya sai baɗi waccan, doka ta ce in jira.
Amma gwiwata ta fara gaba da tsani,
don haka ranar Talata na yi sammako,
na shafe takwas da bakwai, na sa tara da ɗaya.
Fenti bai bushe ba Luzviminda ta zo wucewa,
ta rage gudu, ta leƙo, hannu a kan cikinta,
ta ce: Kawu Ostap,
kada ka wanke buroshin tukuna.