Ranar da Muka Binne Orest a Yashi

Wata shida ƙanƙara na kwana a ƙofarmu,
yau ga Yuni, ga rana, an rataye rigunan sanyi.
Lahadi ta uku, ranar iyaye maza,
muka cika mota har ba wurin sa ƙafa:
murhun gashi, kankana, bokitin yara,
da kujerar Dido, surukina,
mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya.

Tafkin Winnipeg ba a hango ƙarshensa.
Lesia ta rantse teku ne, ban musa mata ba,
wa zai ja da mai shekara biyar?
Myron ya tsoma yatsa, ya kurma ihu,
ya dawo da gudu, ya sake komawa.

Su Rodel sun riga mu, sun kama inuwa,
Maricel ta zo da taliya cike da kwano,
'yarsu Tala ta kama hannun Lesia,
ko gaisuwa babu, sai cikin ruwa tsundum.
Mazan biyu suka tsaya a kan wuta
suna gardamar yadda ake juya kifi,
kifin kuwa yana ƙonewa a tsakaninsu.
Muka ci haka nan. Da ɗaci, da dariya.

Bayan an ci ne yaran suka yi shawara:
"Baba, kwanta, kyautarka ce."
Orest, da ya kwana yana tuƙa bas,
ya miƙe a ƙasa ba ko tambaya.
Bokiti bayan bokiti,
ƙafa ta ɓace, ciki ya zama tudu,
Myron ya dasa masa cokali a cibiya,
Tala ta jera duwatsu kamar maɓallai.
Kafin su kai wuya, barci ɓarawo
ya riga su ɗauke mutumin.
Kai kaɗai a waje, yana minshari.

Dido na zaune, bai ce uffan ba tun safe.
Shekara biyu ke nan sunaye na zube masa
kamar gero daga ɓulallen buhu.
Ni yakan kira ni da sunan ƙanwarsa,
ɗansa kuwa, "wannan bawan Allah mai kirki."

Sai na ga kujerar ta motsa.
Ya tashi, sannu, yana jan ƙafa a yashi,
ya tsaya a kan Orest, ya daɗe yana kallo,
ya cire hularsa ta kaba
ya riƙe ta tsakanin rana da fuskar mai barci.
Na ce, "Dido, zauna, za ka gaji."
Ya ce, "Shiru. Rana za ta ƙona yaron nan.
Uwarsa za ta yi mini faɗa."

Rodel ya juya wai hayaƙi ne ya shiga idonsa,
alhali wutar ta daɗe da mutuwa.
Hannun tsohon na rawa, inuwar na rawa,
amma ba ta bar goshin ba.
Ashe suna kan gudu daga harshe
ya je ya ɓuya a tafin hannu.

Da Orest ya farka, hula ya fara gani.
Bai motsa ba. Yashin ba nauyi gare shi ba,
ni dai na san abin da ya danne shi.

Lesia ta kawo katin da ta zana a makaranta,
mutum mai dogayen hannuwa, ba wuya.
Orest ya karɓa da haƙori, aka fashe da dariya,
ya ce ta kai wa kakanta ya fara gani.

Tara ta wuce, rana ta ƙi faɗuwa,
sauro ya iso da rundunarsa.
Muka kwashi yara jagab, suna gyangyaɗi.
A hanya ba mai magana.
Dido na baya, katin a ƙirjinsa a kife,
Orest na tuƙi, yashi na zubo masa daga kunne,
hular kaba a kansa,
ta yi masa kaɗan.