Mai Satar Ji

Sanyin Bukuru ya ci yatsuna.
Na ɗaura waya mai haƙora tara
tsakanin sikelin kuza da kwamfutar Alhaji Ɗanjuma,
na buɗe manhajar da ba ta tanka wa kowa,
kunne take kasawa, ta rubuta.

Sikeli ya ce arba'in da takwas.
Ta rubuta, har da daƙiƙar.
Rasit ya fito da arba'in da biyar.

Kilo uku a kowane buhu,
tun yaushe?
Ga Ngo Kachollom can, laka har gwiwa,
tana ƙirga kuɗinta, tana godiya.

Gyaran waya aka kira ni.
Waya kuwa lafiyarta lau.
Shayina ya huce,
layuka na ta sauka a allo,
ba wanda ya kira su shaida.